Tanis da Musabahar Baba

Tagar ajin da nake koyarwa tana kallon wani fili mai daɓen siminti a bayan kulob ɗin ma'aikata. Na daɗe ban san amfaninsa ba, don abin da nake gani kawai shi ne mata suna shanya barkono da rana, awaki suna kwanciya a kai da yamma. Da aka ba mu jihar Yobe, ma'aikata suka dawo gida daga Maiduguri da manyan takalma da sababbin ɗabi'u. Wasu daga cikinsu suka share kashin awakin, suka ja farin fenti, suka ɗaura raga a tsakiya, sai aka ce ai filin tanis ne tun zamanin Turawa. A lokacin ina ba 'yan aji shida darasin yamma, saboda haka duk abin da zan faɗa game da filin nan da idona na gani.

Maigidana ba ma'aikaci ba ne, yadi yake sayarwa a kasuwa. Likita ne ya ce masa jininsa ya hau, tumbinsa ya yi gaba, ya riƙa motsa jiki. Ya gwada tafiya a ƙasa sau ɗaya daga unguwarmu ta Yerimaram zuwa shago. Bai kai rabin hanya ba 'yan acaɓa da abokai suka yi ta tsayawa suna tambaya ko an sace babur ɗinsa ne, wani har ya yi masa jaje. Ya dawo ya ce shi da tafiya sai dai zuwa masallaci. Ba a jima ba sai ga shi da raket, wato sandan buga tanis, na katako mai nauyin taɓarya, da farin wando da tela ya ɗinka masa ya ɗan wuce gwiwa don kada a yi maganarsa a unguwa. Ya tsaya a tsakar gida yana juyawa in gani, na ce masa ya yi kyau, don a lokacin muna zaman lafiya kuma ina so mu ci gaba da yi.

To, sai na faɗi yadda aka yi zaman lafiyar nan ya rataya a hannunsa na dama.

Babana manomi ne, a unguwar Bolewa gidanmu yake, kuma tun farko bai so auren ba. Maigidana a Potiskum aka haife shi, nan aka haifi mahaifinsa, amma tunda kakansa daga Kano ya zo, a wurin Baba shi ɗan Kano ne. Baba ya ce ya ga hannun yaron, hannu ne da bai taɓa riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba. Na nace, iyayena mata suka sa baki, aka ɗaura. Bayan biki kowace Juma'a idan an sauko daga masallaci maigidana yakan je zauren Baba ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon bango. Haka aka yi ta yi har na haifi 'yarmu ta fari. Juma'ar da ta biyo bayan suna, maigidana ya durƙusa kamar kullum, sai Baba ya miƙo masa hannu. A wurinmu ba kasafai suruki yake miƙa wa mijin 'yarsa hannu ba, kuma Baba ba mutumin dogon bayani ba ne, don haka wannan hannun shi ne duk abin da zai faɗa. Maigidana ya dawo gida ranar ya kasa cin abinci don murna.

Musabahar Baba kuwa aiki ce. Idan ya kama hannunka ba ya saki sai gaisuwa ta ƙare, kuma kowace tambaya da matsarta da girgizarta. Ya tambayi gida ya matsa, ya tambayi yara ya matsa, ya tambayi kasuwa, da gajiya, da zafi, da mutanen Kano waɗanda bai taɓa gani ba. Hannu ne da ya tsufa a kan ƙotar garma. Shekaru aka yi a haka, kuma duk wata rigima da ke tsakanin gidajen biyu ta mutu a wannan zauren.

Mai koyar da tanis ɗin wani dattijo ne da ake kira Koci, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature injiniyan hanya aikin kuku. Shi kaɗai ne a garin ya taɓa ganin an buga wasan da idonsa, don haka maganarsa ba ta da ja. Idan ƙwallo ta zo ta hagu, wadda ake mayarwa da bayan hannu, Koci ba ya yarda mutum ya juya ƙugu ko kafaɗa. Sai ka ƙame ƙyam, ka tura gwiwar hannu gaba, ka damƙe raket iya ƙarfinka, sannan ka fizge ƙwallon da wuyan hannu kawai, ka ce "ash". Har "ash" ɗin yana cikin darasi. Wanda ya buga bai faɗa ba sai a sa shi ya sake. Ta taga nake ganinsu, manyan mutane masu iyali, da sakatare da akanta da mai kemis da maigidana, sun jeru suna fizgar iska suna "ash" tare, yarana kuma sun daina kallon allo.

Kayan wasan ma sun taimaka. Igiyoyin raket idan sun tsinke baduku ake kai wa, shi kuma ya saka igiyar kamun kifi ya ja ta har sai ta yi ƙara kamar gurmi, don a ganinsa aikin da bai yi tauri ba ha'inci ne. Ƙwallayen sun tsufa sun yi sanƙo, idan sun faɗa kwata a wanke a ci gaba da bugawa da nauyin ruwansu. Kuma kullum ake yi, daga la'asar har a kira magariba, babu hutu, don Koci ya ce Baturensa ko ranar Lahadi ba ya fashi.

Ciwon ya fara a hankali. Na lura maigidana ya koma ɗaukar buta da hannun hagu. Sannan ya fara kirana in buɗe masa kwalba. A shago ya bar wa ƙaninsa almakashi ya ce yana so yaron ya koyi yanka. Idan ya murɗa mabuɗin ƙofa sai in ji "ash" ɗin nan, amma wannan karon ba na darasi ba ne. Wurin ciwon ɗan ƙashin nan ne da ke gefen gwiwar hannu ta waje, daga nan ya sauko har wuyan hannu. Na gasa masa da ruwan zafi, na shafa man zafi, aka kira wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya taɓa ya ce babu karaya babu targaɗe, ya dai bar abin da yake yi. Wannan shawarar ce kaɗai bai ɗauka ba.

Ashe duk 'yan filin haka suke fama, kowa yana ɓoyewa. Mai kemis ne ya fasa ƙwan, ya zo da wani littafin magani ya nuna musu cewa ciwon sananne ne a ƙasar Turawa, har sunan wasan aka sa masa. Ni da na ji haka na ɗauka za su tsorata. Murna suka yi. Sakatare ya ce wannan ya nuna wasan ya shige su, tunda ga shi ciwon da ke kama ƙwararru ya iso Potiskum ya same su. Washegari kowa ya zo da bandeji a gwiwar hannu. Kafin wata ya ƙare bandeji ya zama kayan wasa, duk sabon shiga sai ya ɗauro nasa tun ranar farko, tun hannunsa yana lafiya. Na taɓa ganin wani mai sayar da taya ya ɗaura nasa ya tafi ɗaurin aure, shi da bai taɓa taka filin ba.

Wata rana wani alhaji mai manyan motoci ya kafa faifan nan na tauraron ɗan'adam a gidansa, ya gayyace su kallon gasar tanis ta Turai. Mu mata muna ɗakin uwargidansa, an bar mana ƙofa a buɗe muna hango talabijin. Abin da na gani bai yi kama da abin da ake yi a bayan ajina ba. Masu wasan suna juya jiki gaba ɗaya, ƙafa ta taka, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya tafi a miƙe, wasu ma da hannu biyu suke mayar da ƙwallon hagu. Can sai Koci ya girgiza kai ya ce Allah sarki, wasa ya lalace, yaran yanzu ba su samu tarbiyya ba. Nan take kowa ya samu bakin magana. Akanta ya ce kama raket da hannu biyu daka ne, aikin mata. Maigidana ya ce ko ɗaya daga cikinsu babu mai bandeji, ka san ba su daɗe da farawa ba.

A wannan zaman ne Koci ya ba da labarin Baturensa, yana yabonsa. Ya ce mutum ne mai juriya, tun da doki ya kayar da shi kafaɗarsa ta dama ta ƙame, ko riga ba ya iya sawa sai shi Koci ya zura masa, ko waiwaye zai yi sai ya juya da kujerar gaba ɗaya, amma bai taɓa fasa tanis ba. Kuma duk bugun da zai yi sai ya ce "ash". Suka yi ta jinjina wa Bature. A hanyar gida, ina bayan babur, na ce wa maigidana ai ke nan bugun mai ciwon kafaɗa suke koyo, har da kukansa. Ya ce in bar maganar wasa ga masu wasa, shi bai taɓa shiga ajina ya gyara mini lissafi ba.

Duk wannan abin dariya ne har ya kai ga ranar Juma'a. Babu abin da ke tayar da ciwon nan kamar a kama hannun a matsa a girgiza, kuma babu wanda ya iya wannan kamar Baba. Maigidana ya fara dabara. Ya je da ledar goro a hannu ɗaya da ta sukari a ɗayan, ya ƙi ajiyewa har aka gama gaisuwa. Juma'a ta gaba ya ɗauki ƙaramar 'yarmu ya rungume ta da hannu biyu. Ta gaba ya ce mura yake yi, ba ya so ya shafa wa Baba. Sau ɗaya Baba ya miƙo hannun ya tsaya a iska, maigidana ya sunkuyar da kai yana ta "lafiya lau, lafiya lau" yana kallon tabarma, har Baba ya mayar da hannunsa ya sa a aljihu. Daga nan maigidana ya koma aiko da gaisuwa ta bakina.

Na roƙe shi ya faɗa wa Baba gaskiya. Ya ce da wane baki zai gaya wa mutumin da ya yi rayuwarsa yana huɗa bai taɓa cewa wayyo ba, cewa ƙwallo mai girman lemo ta nakasa shi. Ai sai ya tabbatar masa da maganarsa ta farko a kan hannun 'yan Kano. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don da ya gama wannan bayanin raket ɗinsa ya ɗauka ya fita.

Ni na je na faɗa. Na samu Baba yana gyaran igiya a zaure, na durƙusa na ce hannun ne yake masa ciwo. Hausar Baba ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinsa. Bai ɗago ba ya ce:

"Kullum ina ganin mijinka yana wucewa da sandan wasa. Hannun da yake dukan ƙwallo har magariba, shi ne ba ya iya gaisuwa? Ya shiga cikin manya, shi ke nan. Ka tashi ka je."

Na tashi na fito, don ni ma da ban ga butar nan a hannun hagun maigidana ba, da haka zan ce. Tuwon da nake aika wa Baba ranar Juma'a ya fara dawowa ba a buɗe ba. Cikina ya tsufa a lokacin, sai Inna ta gaya mini a asirce cewa Baba ya ce ko na haihu ba zai taka gidan da sai ya roƙi hannu ba. Wannan ta shige ni. Baba ne ya yi wa duk 'ya'yana huɗuba, kuma na san halinsa, idan ya juya baya shekara ba komai ba ce a wurinsa. Na koma gida na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, na gaya wa maigidana cewa ni ban damu da tanis ba, ban damu da Koci da Baturensa ba, ubana nake so ya zo suna.

Ranar Juma'a ya kwance bandejin ya ajiye a kan gado, ya sa babbar riga, ya ce in shirya mu tafi tare.

Na shige cikin gida na laɓe a bayan ƙofar zaure. Maigidana ya durƙusa ya yi sallama, Baba ya amsa yana kallon bango kamar shekarun farko. Sai maigidana ya matsa gaba ya miƙa hannunsa na dama, shi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya dube shi ya dubi hannun, ya daɗe. Sannan ya kama, kuma kamun mai fushi ya yi. Ya tambayi gida ya matsa. Na ga wuyan maigidana ya miƙe. Ya tambayi yara ya girgiza. Kafin a kai ga tambayar kasuwa hawaye sun zubo wa maigidana shar, yana amsawa da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba.

Baba ya tsaya. Ya leƙa fuskarsa. A duniyar Baba namiji ba ya kuka don ciwo, saboda haka bai kawo ciwo a ransa ba ko kaɗan. Abin da ya gani shi ne babban mutum mai iyali yana zubar da hawaye don nadamar ɓata masa rai. Sai ya ɗora ɗayan hannun a kai, ya haɗa biyu ya damƙe.

"Ya isa, ɗana. Ya wuce. Na yafe maka."

Ranar ce ya fara ce masa ɗana. Kuma don ya nuna ya yafe ɗin, ya sake gaisuwar daga farko, ya bi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, maigidana yana ƙara kuka, Baba yana ƙara riƙewa, har shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ni ina bayan ƙofa na toshe baki da mayafi, ban san ko dariya nake yi ko kuka ba, Inna tana dukan bayana tana cewa in yi a hankali saboda cikin. Da muka fito maigidana ya kasa murɗa babur. Tura shi ya yi da hannun hagu har Yerimaram ina biye, kuma babu wanda ya yi mana jaje, don lokacin wahalar mai ce, rabin garin tura babur yake yi.

Baba ya zo suna, shi ya yi huɗuba. Amma maganar ba ta tsaya nan ba, don ciwon bai warke ba, Juma'a kuma ba ta daina zuwa ba. Duk sati maigidana ya miƙa hannu, duk sati hawaye su zubo. Baba ya shiga ba da labari a majalisa cewa shi Allah ya ba shi suruki mai taushin zuciya, ko gaisawa suka yi sai ya yi kuka. Mazajen ƙannena mata suka shiga uku, Baba ya riƙa kallonsu da busassun idanunsu yana tsaki. Ɗaya daga cikinsu ya zo har shago yana tambayar maigidana sirrin abin, shi kuma ya ce masa daga Allah ne.

Damina ce ta cece shi. Ruwa ya kwanta a filin, siminti ya tsage, ciyawa ta fito, awaki suka karɓi kayansu. Watannin da ya yi bai taɓa raket ba suka yi abin da ƙaho da man zafi suka kasa. Da rani ya dawo ya koma wasa, amma sai na riƙa jin ƙwallo tana dukan bangon bayan gida da sassafe, na leƙa na gan shi yana juya ƙugu yana kama raket da hannu biyu. A filin tanis suka sa masa suna mai daka, Koci ya daina yi masa magana. Bai sake ɗaura bandeji ba. Da hawayen Juma'a suka ƙafe, Baba ya kira ni gefe ya tambaya ko wani abu ya faru, ya ga kwana biyu mijina ya canza masa. Na ce babu komai, ya saba ne.

Ba mu taɓa gaya masa ba. Na sha niyya, maigidana ya hana, daga baya ni ma na ga babu abin da gaskiyar za ta ƙara wa kowa.

Bayan wasu shekaru Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Juma'arsa ta ƙarshe muka je, an shimfiɗa masa katifa a zaure don ya ƙi yarda a kai shi ciki. Maigidana ya durƙusa ya miƙa hannu. Baba ya ɗago nasa da ƙyar ya ɗora a kai, ya fara tambayar gida da yara, yana ƙoƙarin matsawa. Ina ganin yatsun suna motsi amma babu abin da suka iya. Maigidana ya jira matsar nan da ya yi shekaru yana tsoro, ba ta zo ba. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, hawaye suna sauka a kan hannun Baba.

Baba ya buɗe ido ya gani, ya yi murmushi, ya juyo wajena.

"Ka gani ko? Ya dawo yadda yake."

Na ce na gani, Baba.